Wata 8 ina waƙa da in-iyar da aka ƙera da awon kunnena

Tsoro ne ya kai ni ga sayen in-iya, 'yar na'urar da mawaƙi yake sawa cikin kunne don ya ji kansa a kan dandali. Wani daren Asabar na dawo daga wata dina a Nasarawa wajen ƙarfe 1, na tarar an ɗauke wuta, ko fanka ba ta motsi. Ina kwanciya sai na ji kunnena na hagu yana wata siririyar ƙara kamar kukan gyare. Ba baƙuwata ba ce, don shekara 14 ke nan ina waƙar biki a Kano, kuma kullum kafin kiran assalatu takan tafi. Wannan karon ta kwana, ta wuni, ta sake kwana. A rana ta uku maiɗakina ta yi mini magana daga kicin har sau biyu ban amsa ba. Ta leƙo ta ce, "Maigida, wai lafiya kuwa? Kwanan nan sai na ɗaga murya kake ji na."

Da mako ya zagayo na je aka gwada mini ji. Wani ɗan ɗaki ne da aka liƙe bangonsa da soso, a sa maka hedifon, a ba ka maɓalli ka riƙa dannawa duk sanda ka ji ɗan sauti. Takardar da aka miƙo mini tana da layi biyu, ja na kunnen dama, shuɗi na hagu. Sun taho a miƙe, da suka iso inda aka rubuta 4,000 sai shuɗin ya faɗa rami, sannan ya sake haurowa. Ma'aikaciyar ta ɗora kan biro a ramin ta ce, "Malam, wace sana'a kake yi?" Ban gama faɗa ba ta gyaɗa kai. Ta ce daidai nan hayaniya take fara cin kunne. A can ciki akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi masu gashi, kimanin 15,000 a kowane kunne, su suke mai da sauti saƙon da ƙwaƙwalwa ke karɓa, kuma duk wadda ta mutu a cikinsu ta tafi ke nan, ba ta sake tsirowa.

Ta kuma yi mini wani lissafi da har yau yake kaina. Bisa ƙa'idar hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, kunne zai ɗauki ƙarar da ta kai desibel 85 na awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3, sai lokacin ya rabu biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, kafin ka kai 100 ya koma minti 15. A bikin da ya biyo baya na sauke manhajar awon ƙara a wayata, na ajiye ta a kan fiyano. Tun daga shigowar amarya har aka yanka kek, tana yawo ne a wajen 100. Manhajar waya ba ma'aunin asibiti ba ce, amma ko an zabge mata wani abu, awa 3 nake yi a tsaye a wurin nan, kuma bayan Salla ko a watan Disamba sai in yi biki 3 a mako guda.

Duk wanda ya taɓa hawa dandali ya san daga ina masifar take fitowa. Manyan sifikun jama'a suke fuskanta, mu da muke bayansu ba ma jin kanmu, sai a girke mana monita, wato wata sifika tamu ta daban, a ƙasa tana kallon fuskarmu. Ni in ce a ƙara mini murya, mai fiyano ya ce shi ma a ƙara masa, mai kalangu ya ƙara ƙarfin hannu, sai in sake cewa a ƙara. Zauren kuma tayil a ƙasa, gilashi a gefe, sauti ya buga ya dawo. Kafin a tashi na koma ihu, washegari murya a dishe.

In-iya, kamar yadda muke kiran ta a sana'a, wannan monitar ce aka ƙanƙantar aka cusa cikin kunne. Iri biyu ce. Akwai ta kowa da kowa, mai robar baki irin ta iyafis ɗin waya, akwai kuma wadda ake zubawa da siffar ramin kunnenka kai kaɗai. Ta biyun na saya. Makaɗa ne irinmu suka jawo ta yi suna: a 1995 wani injiniyan sauti Ba'amurke, Jerry Harvey, ya haɗa wa mai ganga Alex Van Halen irinta mai sifika biyu a ciki, saboda hayaniyar dandali ta hana shi jin abokan kiɗansa. Daga nan kamfanin Ultimate Ears ya samo asali, wanda Logitech ya saya a 2008, shi kuma Harvey ya koma ya kafa JH Audio. Da su, da Westone, da 64 Audio, su ne sunayen da za ka fi cin karo da su in ka fara bincike. 'Yan sifikun da ke ciki kuwa, ko girman ƙwayar gyaɗa ba su kai ba, kuma asalinsu na na'urar taimaka wa masu raunin ji ne. Knowles na Amurka da Sonion na Denmak su ne manyan masu ƙera su, kamfanoni da yawa a wurinsu suke sara. Tawa daga wani ƙaramin kamfani take a Turai. Sifika 3 ne a kowane kunne: na kaurin sauti, na tsakiya inda murya take zaune, da na sama.

Komai daga awon kunne yake farawa, kuma a nan ne na cuci kaina. Na koma wurin da aka gwada mini ji, tunda dama suna ɗaukar irin wannan awo ga masu sa na'urar ji. Sai da aka fara wanke mini dauɗar kunne. Sannan ma'aikaciyar ta ɗauki wani ɗan soso mai zare a jiki, ta tura shi can ciki da sanda mai fitila. Ramin kunne ba a miƙe yake ba, lanƙwasa biyu gare shi, kuma takardar da kamfanin suka aiko ta ce lallai soson ya wuce lanƙwasa ta biyu. Shi ne katanga tsakanin robar da za a zuba da dodon kunne. Ta kwaɓa roba kala biyu har suka zama ɗaya, ta ɗura a sirinji marar allura, ta cika kunnen da ita a hankali, da sanyi-sanyinta. Tana cika, duniya ta ɗauke. Na ji bugun zuciyata da haɗiyar yawuna, ina kallon bakinta yana motsi ba na jin komai.

Ga mawaƙi, ana so a ɗauki awon baki a buɗe, don ramin kunne yana faɗaɗa idan muƙamuƙi ya sauka. Ta ba ni murfin gorar ruwa na ciza a tsaye tsakanin haƙora na kusan minti 5. Na dama ya tafi lafiya. Ana cikin na hagu tari ya sarƙe ni, abin da ta ce ba baƙo ba ne, don akwai jijiyar da ta haɗa ramin kunne da maƙogwaro. Murfin ya faɗi, robar ta ƙarasa daskarewa bakina a rufe. Ta zaro ta, wani abu mai lanƙwasa kamar ɗanyar citta, ta jujjuya shi a hasken taga ta ce, "Malam, ka bari mu sake wannan." Yara suna jira na wurin atisaye, na ce ta bar shi haka. Da na sani ƙeya ce.

Ina roƙon duk mai niyya kada ya yarda wani ya zuba masa roba a kunne a gida ko a shago. A nemi masu gwajin ji. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, asibitocin koyarwa kuma suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, nan ne wurin fara tambaya.

Kuɗi kuwa, ba zan ɓoye ba, ya yi mini nauyi. Dala 650 ce kuɗin abin. A lokacin katin naira ba ya wucewa a kasuwar waje, sai ƙanena da ke Ingila ya biya, na tura masa naira. Awon na naɗe shi a auduga cikin gwangwanin alewa, wani matafiyi ya kai masa, shi kuma ya aika. In na haɗa da kuɗin asibiti da na kai-kawo, na doshi dala 800, lokacin dala tana wajen naira 1,500. Sama da miliyan ɗaya ke nan, kusan kuɗin sabon babur, a kan abin da zai ɓuya a tafin hannu.

Bayan mako 6 ta iso cikin wani ɗan akwati mai ƙarfi. Roba ce mai tauri, garai-garai, ana hango 'yan sifikun da siraran wayoyinsu a ciki. Sa ta ma sai an koya: a ɗora ta a karkace, a murza ta baya, sai ka ji ta zauna daram kamar an rufe murfin kwalba. Ta dama haka ta yi. Ta hagu tana zama lafiya in ina shiru, amma da na wage baki na ja dogon baiti sai in ji iska ta shiga, kaurin sautin ya zube, hayaniyar waje ta kutso. Na rubuta musu. Suka ce gyaran kyauta ne cikin kwana 30, amma sai na aiko da sabon awo, kuma kuɗin hanya a kaina. Ban ga laifinsu ba, abin da na aika musu suka ƙera. Na koma asibitin, baiwar Allah ba ta ce mini komai ba, ta sake miƙo mini murfin gora. Mako 7 ya ƙara tafiya, kuma a tsakiyar bukukuwan Disamba, lokacin da na fi bukatarta.

To, yaya take a kunne? Abu na farko da za ka lura da shi shiru ne, tun kafin ka jona ta da komai. Kamfanoni suna cewa tana tare kimanin desibel 26 na ƙarar waje, kuma abin da kunnena ya ji bai saɓa wa haka ba: janareton maƙwabcina ya koma kamar a wata unguwa yake. Wannan shirun shi ne abin da ka biya kuɗinsa, don idan hayaniya ta ragu ba ka bukatar ƙure sauti kafin ka ji.

Murya tana fitowa a tsakiyar kai, tsaf, ba hazo. A atisayen farko na ji abin da na shekara 14 ban ji ba: ashe a ƙarshen dogayen baituka muryata tana ɗan sauka ƙasa da kiɗa idan numfashi ya kusa ƙarewa. Monitar ƙasa ta daɗe tana rufa mini asiri. Na yi mako biyu ina gyara inda nake jan numfashi. Kalangu kuwa, nan ne ta burge ni sosai. A da bugun kawai nake ji. Yanzu ina jin sanda ya matse tsirkiya a hammata fatar ta ɗaga murya, da sanda ya saki ta sauko, har ɗan karcen yatsun hagunsa a gefen fata. Idan kalangu ya yi magana ina gane abin da ya ce tun kafin ya ƙarasa, sai amsata ta zo a kan gaɓa.

Inda ba ta kai ba shi ne dukan ƙirji. Kaurin sautinta mai tsafta ne, yana zuwa da sauri ya wuce, amma waɗannan 'yan sifiku ba sa tura iska irin ta babbar sifika. Saurayin da ya saba da bes mai girgiza gilashin mota zai ce an cuce shi. Kuma ba ta da kara ko kaɗan. Waƙoƙin da na karɓa wurin masu turi a waya, waɗanda aka matse aka sake matsewa, da waɗanda suka sha yawo a WhatsApp, sai na ji sautinsu na sama yana tsiyaya kamar ruwa a kan kwano. Wasu ayyukana na sutudiyo da nake alfahari da su ma na ji inda aka yi musu faci. Amma ka sa karatun Alƙur'ani da aka naɗa da kyau bayan sallar isha, za ka ji jan numfashin makarancin da faɗin masallacin da yake ciki.

Babbar matsalar ba a cikin akwatin take ba, kuma ba wanda ya faɗa mini ita. Waƙar bikinmu da jama'a ake yin ta. Guɗar da ake rangaɗawa idan na ambaci kakar amarya ita take gaya mini in tsaya a nan in ƙara baiti biyu. Amshin 'yan mata, tafi, har sanyin da zaure yake yi idan waƙa ba ta shiga ba, duk da kunne ake karanta su. Sannan ga masu zuwa su raɗa maka suna. A bikin farko da na sa ta, wani dattijo ya hawo dandali da bandir ɗin sababbin kuɗi a hannu, ya kafa bakinsa a kunnena yana faɗa mini sunan mahaifinsa da garinsu don in yi masa kirari. Ɗumin numfashinsa kawai nake ji. Na ga fuskarsa ta fara canzawa, ya ɗauka wulaƙanci ne. Ba shiri na fizge ta hagu na ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, a sake faɗa mini." Haka na ƙarasa daren da kunne ɗaya a buɗe, kuma ina gani hannuna yana ta kai wa maɓallin ƙari.

Da na ba ma'aikaciyar asibitin labari ta ce wannan ya fi rashin sa ta muni. Ƙwaƙwalwa tana haɗa abin da kunnuwa biyu suka ji ne ta ji shi da ƙarfi. Idan ka cire ɗaya, sai ka ƙure ɗayan don ya rinjayi zauren, ka tashi da kunne ɗaya yana shan hayaniyar waje, ɗayan yana shan ta ciki.

Yaron da ke riƙe mana miksa, wato na'urar haɗa sauti, shi ne ya warware ta, Allah ya yi masa albarka. Behringer X32 muke haya, tana ba kowa damar samun haɗinsa daban. Ya kafa makirfo guda a bakin dandali yana kallon jama'a, bai tura shi manyan sifiku ba, kunnena kaɗai ya zuba wa kaɗan. Ya ce, "Oga, gwada mu gani." Guɗa ta dawo, tafi ya dawo, amma a ƙarfin da ni na zaɓa. Ya kuma ware wani makirfo ga yaron da ke tsayawa gefena. Yanzu mai son kirari shi yake raɗa wa, shi kuma ya faɗa a makirfon, ni kaɗai nake ji. Sunaye ma sun fi zuwa mini daidai fiye da da, lokacin da nake cankar rabinsu a cikin hayaniya. Wanda zai sayi in-iya ya sani cewa rabin aikin a hannun mai miksa yake. In ba ka da wanda ya san hannunsa kuma yake ƙaunarka, ka sayi kurkuku ne mai tsada.

Sai akwatin ƙugu da ake jona ta. Na fara da wani mai araha, ya riƙa yi mini suuu a kunne ko ba a kiɗa, don in-iya tana jin ɗan abin da iyafis ɗin waya ba ya ji. Mafi muhimmanci, a tabbata yana da abin dakatar da ƙarar da ta yi tsalle. A nan ƙasar ana cikin waƙa za a juya daga janareto zuwa wutar NEPA, miksa ta yi fat, ko wani ya yar da makirfo, ko sifika ta yi ƙiii. A monitar ƙasa za ka kau da kai. Wannan kuwa a bakin dodon kunnenka take. Sau ɗaya ya same ni kafin in canza akwati, kuma ba na fatan ya sami ko maƙiyina.

Kula da ita ba wuya, amma ba a fashi. Zufar bazara da dauɗar kunne suna toshe 'yan ramukan da sauti ke fita, sai in bi su da ɗan tsinken wayar da aka haɗo da shi duk dare, in goge ta, in rufe ta tare da ƙullin nan mai shanye laima. Da hunturu ba na barin ta a buɗe ko na minti ɗaya saboda ƙura. Idan ta faɗi a kan tayil tana iya tsagewa. Wayarta ta yi tauri ta fara kore a wata na biyar, sa'a dai cire ta ake yi, mai ƙafa biyu ce, na sa wata. Kada a hau babur ko a tsallaka titi da ita, ba za ka ji hon ɗin adaidaita ba. A gida ma sai da na koyi duba agogo, don ta taɓa sa ni rasa kiran la'asar.

Ba ta sayuwa hannu na biyu, ko ɗan'uwanka ciki ɗaya ba za ta shige shi ba. A sana'ar da komai aro ake yi, har wannan na ji daɗinsa. Amma yana nufin kuɗin ya tafi ke nan, kuma in ka rame sosai ko ka yi ƙiba tana iya daina zama daidai. Shi ya sa mai sauraron waƙa a waya kawai ba zan ce ya saya ba. Ta kowa da kowa mai kyau, in aka sa mata bakin soso, za ta ba shi mafi yawan daɗin a kan kuɗi kaɗan, kuma da ita nake ba yara masu tasowa shawara su fara. Wanda kuwa abincinsa a dandali yake, dare 2 ko 3 a mako, ni dai da zan koma baya da na saya tun shekara 10 da suka wuce.

Kukan gyaren bai tafi duka ba. Idan dare ya yi tsit ina jin sa can ƙasa-ƙasa a hagu. Amma na daina dawowa daga biki da kai yana sarawa, na daina wayar gari da murya a dishe, kuma da na koma gwaji bayan wata 6 ramin shuɗin layin yana nan inda yake, bai ƙara zurfi ba. Mai kalangunmu ya girme ni da shekara 9, kuma shi ne yake tsayawa daf da sifika. Kwanan nan na lura sai ya juyo da kunnen dama idan ana masa magana. Mun fara adashi a ƙungiya, kwasar farko tasa ce, ranar Talata zan raka shi gwaji.